Wa'adin Shiru, Daga Zangon Damagaram Zuwa Cikin Waya

Ranar 25 ga Disamba 1852 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ƙasashenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Zindar daga Kukawa, aljihunsa wayam. Abokan tafiyarsa biyu duk ƙasa ta rufe musu ido: Richardson a 1851, bayan ya bar Zindar ɗin nan ya nufi Barno, Overweg kuma a bakin Tabkin Cadi wata uku kafin isowar Barth Zindar. Jiran aike daga Tarabulus ne ya zaunar da shi garin. Ya jira har cikin Janairu, sai ga wani Balarabe da akwatuna biyu na sukari, an cusa tsabar azurfa 1000 a cikinsu don kada idon 'yan fashi ya kai kanta. Ya yi sayayya, ya kama hanyar Katsina, daga can Sakkwato, Gwandu, Sayi, har Tumbuktu a Satumba 1853. Daga nan labarinsa ya ɗauke. Da shiru ya yi tsawo sai jita-jita ta cike gurbi, aka ce ya mutu, zance ya haye hamada har aka rubuta ta'aziyyarsa a Turai, shi kuwa yana nan da ransa yana neman hanyar komowa. Eduard Vogel, saurayin da aka turo ya tarar da shi, ya ji wannan labari a Barno. A ƙarshen 1854 suka yi kiciɓis a daji tsakanin Kano da Kukawa, mamaci da mai zaman makokinsa.

Shi Vogel nasa ya zo a juye. Ya shiga Wadai, aka kashe shi a 1856, amma a wannan karo Turai ta ƙi yarda. Aka yi ta tura masu nema, ɗaya daga cikinsu, Beurmann, shi ma ya halaka a hanya a 1863, kuma ba a sami gamsasshen bayani ba sai da wani matafiyi, Nachtigal, ya isa Wadai a 1873. An yi gaggawar binne rayayye, an yi jinkirin binne matacce, kuma hujja ɗaya ce a hannun masu hukuncin duka biyu: ba su ji komai ba.

Matsalar da za mu bi sawunta ke nan. Shirun wanda ya mutu da shirun wanda hanya ta riƙe ba su da bambanci a kunnen mai jira. Tunda shirun ba zai faɗi ko wane iri ne shi ba, dole wani ya ɗiba masa wa'adi, ya ce in an kai kaza ba labari, to, za mu ɗauki mataki. Tarihin wannan wa'adi a ƙasar Damagaram ya faro da shekaru, ya gangaro watanni da kwanaki, yau ya dawo daƙiƙu. Raguwar ba ta dame ni ba kamar yadda wani abu ya dame ni: a da masu yanka wa'adin sun san hanyar da saƙo ke bi, yanzu kuwa sau da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙe Damagaram daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa a gida, Zindar gari biyu ce. Birni na sarauta, Zango na fatake: Buzayen Abzin, Larabawan Gadamas da Gat, da Hausawa dillalansu. Attajirin Zango yakan damƙa wa madugu fatu da gashin jimina, ya zauna jiran kuɗi ko kaya daga Tarabulus, tafiyar watanni zuwa, watanni komowa. Ba ya ɗaga hankali a wata na uku, domin ya san a nan ayari bai ma gama hutawa a Abzin ba. Ya san lokacin da ayarin gishiri ke tashi zuwa Balma da Fashi bayan damina, ya san lokacin da ya kamata a fara ganin kantu a kasuwa. In an wuce lokacin da 'yan kwanaki, raƙuma ne suka gaji. In an wuce da wata guda, a fara tambayar masu zuwa daga Damargu. Ma'auninsa na shiru hanyar ce ta koya masa, kuma yana sabunta shi kowace shekara gwargwadon zaman lafiya ko rashinsa.

Sarauta ma tana da nata ma'aunin. Damagaram ta tashi a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma gaisuwar da ake kaiwa Kukawa kowace shekara ba dukiya kaɗai ba ce, shaida ce cewa har yanzu ana tare. Shehun Barno ba ya bukatar wasiƙar tawaye. In shekara ta zagayo manzannin Zindar ba su bayyana ba, rashin zuwan nasu ya isa wasiƙa, kuma an yi zamanin da dawakin Barno suka zo har bakin gari neman ba'asi. Sai da Rabe ya rushe Kukawa a 1893 wannan agogo ya tsaya gaba ɗaya.

Amma in ana neman inda aka zauna aka yi wa shiru tunani mai zurfi, a duba zauren malamai. Ƙasa ce ta matafiya: fatake, almajirai, maniyyata masu takawa a ƙasa ta Wadai da Darfur zuwa Makka, tafiyar da kan cinye shekaru, wasu ma su yi zamansu a Sudan har abada. Ga kuma harin bayi, da ke ɗauke mutum daga bakin gona. Dorugu, yaron da ya yi wa Barth hidima har London, ɗan wannan ƙasa ne da aka kama yana ƙarami. Ba banza Bahaushe ke cewa shiru kamar an aiki bawa garinsu ba. To, macen da mijinta ya ɓace fa? Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu a kowane zaure, ya ba da amsa dalla-dalla, bisa hukuncin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar. Ta kai ƙara wurin alƙali. A aika bincike inda ake zaton yana nan. In bincike ya ƙare ba labari, a ɗiba masa shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so.

A dubi hikimar da ke cikin wannan tsari. Lissafin shekara huɗun ba ya farawa daga ranar da mutumin ya sa ƙafa ya bar gida, sai daga ranar da aka nema aka rasa. Wato ba a hukunta shiru sai an ƙwanƙwasa ƙofa tukuna. Sannan wa'adin aure daban, na dukiya daban: matar za ta sami 'yancinta, amma ba za a raba gadonsa ba sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba sa wucewa, waɗanda malamai suka ƙiyasta da 70, wasu 75, wasu 80. Cutar da ke cikin jiran mace ta fi ta jiran dukiya, don haka aka gajarta ɗaya aka tsawaita ɗaya. Halilu ya ma rarrabe tsakanin wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi, da wanda ya ɓace a ƙasar abokan gaba, da wanda ya ɓace a fagen fama ko cikin annoba, kowa da hukuncinsa. Kuma ba su manta da tambayar da ta fi kowace ɗaci ba: in ya dawo fa bayan an gama komai? Mashahurin zance shi ne in mijin na biyu ya riga ya tare da ita, ta zama tasa. Sun san wa'adi zai iya yin kuskure, sai suka tanadi abin da za a yi ran da ya yi.

Zuwan Nasara ya zo da nasa darasin, kuma da jini aka rubuta shi. Bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Zindar a Mayu 1898 zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, Faransa ta turo rundunar Voulet da Chanoine daga yamma. Da suka yi nisa da inda waya ta tsaya, suka zama ba mai ganinsu, suka yi ta ƙone garuruwa daga Lugu zuwa Birnin Ƙonni. Paris ba ta da wata ƙa'ida ta cewa in an kwana kaza ba rahoto a binciki dalili. Wasiƙar wani hafsa da aka kora daga rundunar ce ta fasa ƙwai. Kafin Kanar Klobb, wanda aka turo ya binciki lamarin, ya cim musu, ya bi sawun toka da gawawwaki mai nisan gaske, kuma harsashinsu ya kashe shi ranar 14 ga Yuli 1899 a kusa da Tasawa. Ragowar rundunar ta shiga Zindar a ƙarshen watan, bayan yaƙin Tirmini.

Sauran labarin mulkin mallaka a wannan fanni gajere ne. Aka ja wayar tangaraho, Zindar ta zama hedikwatar yankin daga 1911 zuwa 1926 kafin a mai da ita Yamai, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya ƙashin bayan ayarin hamada. Shirun da a da sai ya yi wata kafin a damu, yanzu na yini biyu ya isa a tura mahayi ya bi turakun waya ya ga inda ta tsinke. Duk da haka har lokacin mutum ne ke yanke hukunci. Ko da Kawusan, jagoran Buzaye masu tawaye, ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, mutane ne a Zindar suka auna labarin da ya iso da wanda bai iso ba, suka haɗa rundunar ceto.

Babban juyi ya faru ne a nesa da mu, ran da aka cire mutum daga tsakiya. A 1892 aka kafa musayar tarho ta farko mai sarrafa kanta a wani ƙaramin gari na jihar Indiyana a Amurka, bisa ƙirar Almon Strowger. A da, in ka ɗaga kan tarho ka yi shiru, ma'aikaciyar haɗa layi za ta yi maka magana, in ba amsa ta zare igiya. Na'ura kuwa ba ta gajiya, ba ta jin haushi. Za ta riƙe maka layi har tashin ƙiyama, ta hana wasu. Dole injiniyoyi suka dasa mata agogo a ciki: in an ɗaga ba a buga lamba ba zuwa wani ɗan lokaci, a saki layin. Haka aka sake yi a farkon shekarun 1960, da jami'ar MIT ta fito da tsarin da mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya ta layukan tarho. Layukan ƙidayayyu ne, wanda ya tashi shan shayi ya bar nasa a buɗe ya tare wa wani, sai aka koya wa na'ura ta sallami duk wanda ya daɗe bai taɓa komai ba. Asalin wa'adin rashin motsi ke nan a kwamfuta: rowar kayan aiki ce ta haife shi, batun tsaro daga baya ya biyo.

Da intanet ta zo, matsalar ta ƙara tsanani. Ƙa'idar TCP, wadda aka rubuta a 1981 aka kuma ɗora tsohuwar ARPANET a kanta ranar 1 ga Janairu 1983, tana aiki ne da aike da amsa: kwamfuta ta tura ɗan guntun saƙo, ta jira shaidar isarsa, in ba ta ji ba ta sake turawa. Nawa za ta jira? A Oktoba 1986 aka ga sakamakon amsa mara kyau. Tsakanin wani ɗakin bincike a Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi, nisan da bai kai rabin kilomita ba, gudun saƙo ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40 kacal. Hanya ta cunkushe, amsa ta yi jinkiri, kowace kwamfuta ta ɗauka saƙonta ya ɓace ta sake turo wani, cunkoso ya haifi cunkoso. Ɗaya daga cikin magungunan da Van Jacobson ya wallafa a 1988 shi ne kada a ƙayyade wa'adi tun daga ofis. Kowace kwamfuta ta riƙa auna tsawon lokacin da amsa ke ɗauka a hanyar da take bi, da yadda lokacin ke hawa da sauka, ta yanka wa'adinta a kan haka. In wa'adi ya cika ba amsa, ta ninka haƙurinta kafin ta sake gwadawa. Attajirin Zango da zai ji wannan bayani da ya gyaɗa kai. Shekara uku kafin nan, a 1985, masana uku, Fischer da Lynch da Paterson, sun riga sun tabbatar da lissafi cewa a tsarin da ba a san iyakar jinkirin saƙo ba, ba wata dabara da za ta ba da tabbacin cim ma matsaya in ko da na'ura ɗaya na iya mutuwa, domin ba a iya bambance matacciya da mai nawa. Ashe wa'adi ba ilimi ba ne, yanke shawara ce cikin duhu.

A daidai wannan zamani ne salon rubuta manhaja ya sauya. Tsohon shiri jerin umarni ne, daga na farko zuwa na ƙarshe, ya gama ya fita. Da allo mai hotuna da linzamin hannu suka yaɗu, musamman bayan fitowar Macintosh a 1984, sai aka koma ga shirin da aukuwa ke motsawa. Shi wannan kamar mai shago ne a bakin kanta: ba ya tashi sai an yi sallama, ya sallami wanda ya zo, ya koma ya zauna. Danna maɓalli aukuwa ce, isowar saƙo aukuwa ce, taɓa allo aukuwa ce, kowace da ɗan guntun shirin da aka tanadar mata. To, a nan gizo ke saƙa, domin rashin zuwan kowa ba aukuwa ba ce. Shirin da ba ya motsi sai an taɓa shi, yaya zai san an daɗe ba a taɓa shi ba?

An gwada hanyoyi. Macintosh na farko, in shiri ya tambaye shi ko akwai sabon abu alhali babu, sai ya miƙo masa aukuwar wofi, wato takardar shaidar cewa ba abin da ya faru, shirin ya yi ta tambaya ba hutawa. Tsarin Unix na Berkeley a 1983 ya fito da kiran select, inda shiri ke cewa a tashe ni in ɗaya daga cikin layukan nan ya yi motsi, ko in lokaci kaza ya wuce, duk wanda ya riga. Kamfanin Ericsson na Suwidin, da yake musayar tarho ce sana'arsa, ya saka abin cikin ƙashin harshen Erlang da aka fara a 1986: duk inda aka rubuta jiran saƙo, ana iya liƙa masa reshen abin da za a yi in saƙon bai zo ba. Da wannan harshe aka gina uwar garken WhatsApp, don haka kowace muryar da ake aikowa daga Sabha ko Tamanrasat zuwa unguwar Garin Malam ta Zindar ta ratsa ta hannunsa. Harshen Tcl na John Ousterhout ya zo da umarnin after, Visual Basic a 1991 ya ba da ɗan agogon da ake ɗorawa a kan allo, sannan JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, ya yaɗa setTimeout da abokinsa clearTimeout zuwa kowace kwamfuta da kowace waya. Duk dabara ɗaya ce: a mai da shiru aukuwa. A kunna agogo, a ce in ya buga a yi kaza. In mutum ya motsa kafin nan, a kashe agogon a kunna sabo.

Faɗarsa da sauƙi. Kura-kuran da ke cikinsa kuwa duk mai koyon sana'ar sai ya taka su. Wani ya kunna sabon agogo ya manta bai kashe tsoho ba, sai a kori mutum yana tsakiyar rubutu. Wani ya ɗauka agogon zai buga daidai kan lokaci, alhali alƙawarin harshen shi ne ba zai buga kafin lokaci ba, amma yana iya makara in shirin na cikin wani aiki, ko in wayar ta shiga barcin tattalin batir. Shi ya sa gwanaye ba sa dogara da bugun agogo kaɗai. Sukan ajiye lokacin motsi na ƙarshe, in an farka a duba tazara. Akwai kuma tambayar me ake kira motsi. Mutumin da ke karanta dogon shafi bai taɓa komai ba, amma yana nan. A ɗaya gefen, a 2009 aka fito da wani hari mai suna Slowloris: maharin ya buɗe ɗaruruwan layuka zuwa uwar garke, ya riƙa ɗiga wa kowane ɗan harafi kafin wa'adinsa ya cika, agogo ya yi ta komawa farko, layuka su ƙare, masu bukata ta gaskiya su rasa ƙofa. Malaman fiƙihu sun san irin wannan mutum: mijin da ba a ce ya ɓace ba tunda yakan aiko da gaisuwa jefi-jefi, amma ba ci ba sha ba dawowa. Ba su bar gaisuwar ta ɗaure mace har abada ba, suka buɗe mata ƙofar rashin ciyarwa da ta cutarwa. Masu manhaja ma a nan suka tsaya: agogo biyu, ɗaya na rashin motsi mai komawa farko, ɗaya na iyakar zama gaba ɗaya wanda ba abin da ke mai da shi baya.

Duk wannan ya iso mana ne a aljihu. Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, ta bazu kasuwa bayan kasuwa. Binciken da Jenny Aker ta yi kan kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006 ya nuna bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ya daina hawa mota don jin farashin gero. Sunayen kamfanoni suka yi ta sauyawa, Celtel ta zama Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, Orange ta shigo a 2008 daga baya ta koma Zamani, amma abin da ya sauya a zukata ya fi wannan girma. Uwar da kakarta ta jira miji shekara huɗu, yau in wayar ɗanta ta kwana uku a kashe ba ta iya cin abinci. Kuma tana da hujja. A Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara daga wajajen Kance, motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su. A irin wannan hanya kwana uku na shiru ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙaramin wa'adi kuwa, na daƙiƙu, kullum muna karo da shi. A tsaya gefen mai tura kuɗi a Kasuwar Dole ta Zindar a ga yadda ake yi. Dattijo ya zo zai aika wa 'yarsa jaka ashirin, da 'yar wayarsa mai maɓallai wadda lambobinta suka goge. Ya danna tauraro da lambobi, jerin zaɓi ya fito da Faransanci, ya miƙa wa yaron ya karanta masa. Aka zo wurin lambar mai karɓa, ya shiga laluben aljihun 'yar shara, ya zaro takarda a ninke huɗu, ya buɗe, ya nisanta ta da ido. Kafin ya kai lamba ta shida allo ya koma fari.

"Baba, ta katse. Sai mun sake daga farko."

"To, ɗana, me na yi mata?"

"Ba ka yi komai ba, Baba. Rashin yin ne."

Wannan tsari na tauraro da lambobi, USSD, yana riƙe da layin sigina a buɗe muddin ana cikin zance, shi ya sa kamfanoni ke gajarta shi ƙwarai: 'yan daƙiƙu tsakanin amsa da amsa, 'yan mintoci ga zaman duka. Dalilin rowar layi gaskiya ne, iri ɗaya da na musayar tarho ta farko. Amma adadin da aka zaɓa an auna shi ne da yatsun wanda ya iya boko, ya haddace lambobinsa, yake zaune inda rezo ke cike. Mafi muni shi ne in wa'adi ya cika bayan an danna tabbatarwa: wayar ta ce aiki bai yiwu ba, alhali umarni ya isa, amsar ce ta makara a hanya. Mutum ya sake turawa, kuɗi ya fita sau biyu. Maganin wannan sananne ne a sana'ar: kowace hulɗa a ba ta lambar shaida tun kafin a tura, in ta sake isowa uwar garke ta gane ta, ta maimaita amsar farko ba tare da ta sake cire ko dala ba. Manhajar da ba ta yi haka ba, ba rezo ne ya ci amanar mai ita ba, marubucinta ne bai tanadi dawowar wanda aka fid da rai da shi ba.

Ƙa'idojin duniya ma ja-in-ja suke yi a kan wannan. Dokar tsaron katunan banki ta ce in an yi minti 15 ba motsi a sake neman shaidar shiga, kuma tana da gaskiya, musamman a inda waya ɗaya ke yawo hannun mutum biyar a gida, ko a shagon intanet da ɗalibai ke layi a kan kwamfuta guda. Ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga masu rauni, wadda aka fitar a 2008, ita kuma ta ce kafin a katse mutum a gargaɗe shi, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari da dannawa ɗaya, kuma a bar shi ya nemi ƙarin aƙalla sau goma. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne matasan da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar André Salifou da sauran makarantun Zindar za su yi aikinsu. Adadin da suka tarar a cikin misalan littafi, daƙiƙa 30 ko minti 5, wani ne ya rubuta shi don hanyarsa. Na hanyar Tanut ko Gure sai an fita da waya an auna: daƙiƙa nawa amsa ke ɗauka ranar kasuwa, nawa take ɗauka in wuta ta ɗauke eriya ta koma kan janareto, minti nawa mai sayar da barkono ke bukata ta nemo lamba. Sannan abin da mutum ya riga ya cike a ajiye masa, in ya dawo ya ɗora daga lamba ta shida.